Jakar goyo, mai taya ko akwatin roba: wacce za ka saya wa kyamararka don tafiyar jirgin sama?

Duk mai ɗaukar hoto da aiki ya fara kai shi nesa, ko biki ne a Legas, ko rahoto a Yamai, ko rakiyar masu zuwa Umara, wata rana sai ya tsaya yana tunanin abin da zai zuba kayansa a ciki. A shago kowace jaka kyakkyawa ce. Mai sayarwa zai yi ta buɗe maka aljihuna, ya sa ka taɓa kaurin soson, ya rantse maka ruwa ba ya ratsa ta. Sai dai jarrabawar jakar kyamara tana gaban sikelin filin jirgi da kuma bakin ƙofar shiga jirgi, inda ma'aikaci zai dubi jakar ya yanke hukunci ko za ta hau sama tare da kai, ko a manna mata takarda a kai ta ƙasa cikin kayan awo. A ganina jakar da ta fi ita ce wadda ba za a raba ka da ita ba, kuma da wannan idon zan duba kowace iri.

Abubuwan da ya kamata a auna kafin a ciro kuɗi

Na farko nauyin jakar tun ba a saka komai a ciki ba. Ga mai tikitin ƙaramin aji, Ethiopian Airlines da Emirates da Qatar Airways da Saudia kilo 7 suke bayarwa na jakar hannu. Turkish Airlines da EgyptAir da Lufthansa kilo 8, wato daidai da 'yar jakar hannun da alhazanmu suka saba da ita. British Airways ce ta fita daban, tana barin har kilo 23, da sharaɗin kai da kanka za ka iya ɗaga jakar ka saka ta a ma'ajiyar sama.

Bari mu yi lissafi da kayan mai ɗaukar biki. Kyamara biyu irin Canon EOS R6 Mark II, kowace giram 670 da batirinta. Gilashin RF 24-70 mai buɗewar 2.8 giram 900, dogon gilashin RF 70-200 mai buɗewar 2.8 giram 1,070. Filas ɗaya kusan rabin kilo, kwamfutar tafi-da-gidanka mai inci 14 wajen kilo ɗaya da rabi, batura da caja da wayoyi su ma ba za su kasa kilo ɗaya ba. An haura kilo 6 ke nan, kuma ba a sa jaka a lissafin ba tukuna. Wanda har yanzu yake riƙe da tsofaffin kyamarori masu madubi irin 5D Mark IV da gilasan EF, nasa lissafin ya fi haka muni, domin 70-200 na EF shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi. Saboda haka duk kilon da jaka ta ci, gilashi guda ne ta kora daga tafiyar.

Na biyu girma. Turkish da Lufthansa da Ethiopian suna kan santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, 23 a kauri. Emirates 55 da 38 da 22. Qatar ta fi kowa matsi a tsawo, 50 da 37 da 25. British Airways 56 da 45 da 25. Kuma da tayoyi da mariƙi ake aunawa. Jakunkuna da yawa da aka rubuta musu cewa sun dace da shiga jirgi, ma'aunin Amurka aka bi wajen ɗinka su, wato inci 22 da 14 da 9, wanda ya ɗan ɗara na wasu kamfanonin da muke hawa. Waɗannan ƙa'idoji kan sauya, don haka a leƙa shafin kamfanin kafin kowace tafiya.

Akwai wani abu da masu zirga-zirgar cikin gida suka sani wanda ba ya cikin kowace takarda: ƙananan jirage. Embraer ERJ-145 mai kujeru 50, irin wanda Rano Air da United Nigeria suke amfani da shi, ma'ajiyar samansa a gefe ɗaya take, kuma ƙarama ce. Ma'ajiyar saman CRJ-900 da ta jiragen farfela irin ATR 72 ma ƙanana ne. A irin waɗannan, jaka mai taya ko da ta cika duk ƙa'ida, sau da yawa a gindin matakala ake karɓe ta.

Sauran ma'aunan su ne kariya daga buguwa da ruwa da ƙura, sauƙin ɗauka da saurin ciro kyamara, yadda jakar take jawo ido, ƙarko, sai farashi. Farashin da zan ambata na kasuwannin waje ne da dala, kuma kiyasi ne. Kafin kaya su iso Kano ko Abuja, kuɗin dako da na kwastan sun hau kai.

Me ya sa nake ta jaddada kada a raba ka da jakar? Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ita ce ke tafiyar da diyyar kaya a yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, ta sa iyaka ga abin da kamfanin jirgi zai biya idan kaya sun ɓace ko sun lalace. Tun daga 28 ga Disamban 2024 iyakar ita ce SDR 1,519, ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya, wato wajen dala 2,000, kuma a kan fasinja ɗaya ne, komai yawan jakunkunansa. Kyamara ɗaya da dogon gilashi ɗaya daga cikin waɗanda na lissafa sun ninka wannan kuɗin.

Jakar goyo

Ita ce ta fi yawa a bayan masu sana'ar, kuma ba banza ba. Lowepro ProTactic BP 450 AW II tana ɗaukar kyamara biyu da gilasai da kwamfuta mai inci 15, tana buɗewa ta baya da ta gefuna da ta sama, tana zuwa da rigar ruwanta. Aibinta nauyi, ta kusa kilo 3 babu komai a ciki, kuma duk wanda ya ga igiyoyin da aka jera a bayanta ya san kayan tsada ne a ciki. Peak Design Everyday Backpack mai lita 20 wajen kilo 2 ce da allunan cikinta, ta fi kama da jakar ɗan ofis, amma ba ta cin kaya kamar waccan, kuma igiyoyin kafaɗarta ba su da kaurin da zai sa ka ji daɗin doguwar tafiya da kaya masu nauyi. Dukansu suna tsakanin dala 220 zuwa 300. Masu araha irin na K&F Concept ana samunsu ƙasa da dala 100, kuma da yawansu ba su kai waɗancan nauyi ba.

Babbar fa'idar jakar goyo ita ce taushinta. Tana lanƙwasa ta shiga ma'ajiyar da akwati ba zai shiga ba, matsakaiciya kuma tana shigewa ƙarƙashin kujerar gabanka. Idan jirgi ya cika aka fara neman jakunkunan da za a sauke ƙasa, masu taya ake fara nunawa. Ba ina cewa ba a auna ta goyo ba ne. Ana aunawa, musamman a wajen awon kaya na jiragen ƙasashen waje, amma mai jakar goyo madaidaiciya ya fi tsira. A filayen da ake hawa bas zuwa gindin jirgi sannan a hau matakala, kamar yadda yake yawan faruwa ga masu sauya jirgi a Addis Ababa, hannuwanka biyu a sake suke.

Inda take da rauni shi ne bayanka. Kilo 8 ko 9 a kafaɗa cikin dogayen hanyoyin filin jirgin Istanbul ba wasa ba ne, don haka kada ka sayi wadda ba ta da madaurin ƙugu. Sannan idan ƙaddara ta sa aka tilasta maka ka ba da ita a kai ƙasa, ba ta da kariyar da za ta jure akwatin kilo 30 a kanta.

A duba zif da kyau, domin shi ne yake fara mutuwa, musamman a ƙasar da ƙurar hunturu take shiga ko'ina. Zif ɗin YKK mai manyan haƙora ya fi siririn da aka lulluɓe da roba daɗewa. Wadda take buɗewa ta ɓangaren da ke manne da bayanka ta fi tsaro a cunkoso, kuma idan ka ajiye ta a ƙasa don ciro gilashi, ba gefen da zai taɓa rigarka ne yake shan ƙasa ba.

Jaka mai taya

Nan Think Tank ce ta yi suna. Airport International V3 tana da santimita 53 da 36 da 20, an yi ta musamman don ta bi ƙa'idar jiragen ƙasashen waje, tana da makulli da wayar ƙarfe da za ka ɗaure ta a jikin wani abu, kuma tayoyinta ana kwance su a sauya idan sun ci. Kuɗinta ya haura dala 400. Ga wanda yake yini a tsaye yana ɗaukar taro, isa wajen aiki da baya lafiya ba ƙaramin abu ba ne, kuma tsarin cikinta yana sa ka ga komai da kallo ɗaya.

Amma ita kaɗai kilo 4 da rabi zuwa 5 ce. A jirgin da ke ba da kilo 7, abin da ya rage maka bai wuce kyamara ɗaya da gilashi ɗaya ba. Kamfanin ya san da wannan matsala, shi ya sa ya fito da Airport Advantage, wadda ba ta kai kilo 3 ba, tsawonta kuma ya tsaya ƙasa da santimita 50 da kaɗan, har ma'aunin Qatar ta shiga. In dai mai taya za a saya don hanyoyinmu, wannan nake ganin ta fi ma'ana, ko da yake ba ta da zurfin da zai ɗauki manyan kyamarori a tsaye yadda ake so.

Abin da ba a faɗa a talla: taya tana son daɓe. Da ka fita daga filin jirgi ka shiga yashi ko tsakuwa ko layin unguwa bayan ruwan sama, ta koma kayan dako. Kuma ita ce ta fi kowace shiga haɗarin a karɓe ta a ƙaramin jirgi, alhali jikinta bai kai na akwatin roba tauri ba. Tsaka-tsaki ce, kuma a nan tsaka-tsakin bai yi mata rana ba.

Akwatin roba mai tauri

Pelican 1510, wanda a Turai ake sayarwa da sunan Peli, shi ne abin da masu shirya fim da 'yan jaridar talabijin suka daɗe da amincewa da shi. Ruwa ba ya shiga, ƙura ba ta shiga, yana da 'yar ƙofar iska da ke daidaita matsin ciki da na waje don kada murfin ya ƙi buɗuwa bayan saukar jirgi, yana da wajen rataya kwaɗo biyu. Mutum zai iya zama a kansa yana jiran jirgi. Ta fuskar ƙarko babu na biyunsa a wannan jerin, zai ga bayan kyamarori da yawa.

Nauyinsa da soso kilo 6.2. Kyamara ɗaya tak ka saka, kilo 7 ya cika. Ƙaninsa Pelican Air 1535 an yi shi da roba marar nauyi, wajen kilo 4 babu soso, 4 da rabi da soso, ya ɗan fi tsada. Dukansu tsawonsu ya kusa santimita 56, kaurinsu ya kusa 23, wato sun ɗan haura ma'aunin Emirates, sun haura na Qatar sosai, kuma akwatin roba ba ya matsuwa ko da rabin santimita.

Saboda haka wanda zai sayi wannan ya saye shi da niyyar cewa ƙasan jirgi zai riƙa tafiya. Nan ne amfaninsa yake: fitilu, na'urar daidaita kyamara, makirufo, allon dubawa, duk abin da zai iya jure rabuwa da kai. Ya kuma san cewa akwatin yana kare kaya daga buguwa ne kawai, ba daga ɓata ko dogon hannu ba, hasali ma siffarsa tana sanar da kowa cewa abin ciki mai daraja ne. Wasu kan saka shi cikin tsohuwar jakar matafiya don ya ɓace wa ido, su jefa AirTag a ciki, wato 'yar na'urar Apple da ke nuna inda kaya suke. Dabara ce mai kyau. Game da cikinsa, soson da ake tsinkewa gida-gida ya fi araha, amma yana rugurgujewa da zafi da daɗewa, kuma in ka sauya kyamara sai ka sake sayen wani. Allunan da ake mannawa a cire sun fi.

Gargaɗi ɗaya ga mai zuwa gaɓar teku: akwatin da ba ya barin ruwa ya shiga, ba ya barin laima ta fita. In ka rufe shi da kayan da suka sha damshin Legas ko Accra ka bar shi kwanaki, fumfuna na iya kama gilashi. A riƙa saka 'yan ƙunshin silika masu tsotse laima.

Jakar rataya

Ba sai an tsawaita a kanta ba. Kyamara ɗaya, gilashi biyu, batura, fasfo. Peak Design Everyday Sling mai lita 6 ko 10, ko Billingham Hadley Pro ta Ingila ga mai son abin da zai daɗe kuma yana da kuɗinsa. Ba ta wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, tana kwanciya ƙarƙashin kujera a kowane jirgi, kuma babu wadda ta kai ta saurin ciro kyamara. Kafaɗa ɗaya take ci, don haka in kaya suka haura kilo 3 za ka ji a wuyanka. Amfaninta mafi girma shi ne a matsayin jaka ta biyu: Turkish tana barin ƙaramar jaka mai santimita 40 da 30 da 15 bayan jakar hannu, British Airways ma haka. Emirates kuwa a ƙaramin aji jaka ɗaya ce tal, a kula.

'Yar jakar soso a cikin jakar da kake da ita

Wannan ce mutane suka fi rainawa, ni kuma ita na fi yawan ba da shawara a kai. Ƙunshi ne mai soso da alluna, irin Tenba BYOB ko Camera Cube na Peak Design, wanda ake zura shi cikin kowace jakar goyo ta makaranta ko ta tafiya. Ƙananan ba su kai rabin kilo ba, farashinsu daga wajen dala 40 zuwa 100. In ka haɗa da jakar goyo marar nauyi, duka ba za su wuce kilo ɗaya da rabi ba, ka ga ka samu sararin dogon gilashinka. Babu wanda zai kalli jakar ya ce kyamara ce a ciki. Mafi muhimmanci, in aka ce dole jakar ta sauka ƙasa, sai ka zare ƙunshin ka rungume shi ka hau jirgi, tufafi su tafi ƙasa.

Raunin wannan tsari shi ne jinkiri, sai ka buɗe jaka biyu kafin ka kai ga kyamara, kuma kariyarsa ta gefe ba ta kai ta jakar da aka ɗinka don kyamara ba. Ga tafiya yana da kyau, ga tsakiyar filin hawan sallah da doki ke tahowa, kyamara a wuya ya kamata ta kasance dama.

| Iri | Nauyi babu kaya | Farashi da dala | Kariya | Haɗarin a karɓe ta a kai ƙasa |
|---|---|---|---|---|
| Jakar goyo | kilo 1.5 zuwa 3 | 60 zuwa 300 | matsakaiciya | kaɗan |
| Mai taya | wajen kilo 3 zuwa 5 | 300 zuwa 450 | mai kyau | babba, musamman a ƙaramin jirgi |
| Akwatin roba | kilo 4 zuwa 6.2 | 250 zuwa 400 | mafi ƙarfi | babba ƙwarai |
| Jakar rataya | wajen kilo 1 ko ƙasa | 40 zuwa 350 | 'yar kaɗan | kusan babu |
| Ƙunshin soso | wajen rabin kilo | 40 zuwa 100 | ta dogara da jakar waje | babu, ana zare shi |

Batun batura

Kowace jaka ka zaɓa, baturan litiyam da ba sa cikin na'ura ba sa tafiya a kayan awo, dole a jakar hannu. Wanda ƙarfinsa bai wuce Wh 100 ba (Wh ma'aunin wutar da batiri ke riƙewa ne) yana wucewa ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi, kuma guda biyu kacal. Abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Batirin kyamara irin NP-FZ100 na Sony wajen Wh 16 ne, babu damuwa. Masu bidiyo ne za su duba manyan baturansu, shi ya sa ake yin da yawansu a kan 95 ko 98. Fawabank mai mAh 20,000 wajen Wh 74 ne. Bayan gobarar jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025 kamfanoni da dama sun tsaurara, Emirates ma tun 1 ga Oktoban 2025 ta hana amfani da fawabank a cikin jirgi, guda ɗaya take bari a ɗauka, kuma ba a ma'ajiyar sama za a ajiye shi ba. Abin da wannan yake nufi ga zaɓin jaka: a tara batura a 'yar jaka guda, a rufe bakin kowane da murfinsa ko salatif, a sa ta inda hannu zai kai nan take. Ranar da aka karɓi jakarka a gindin matakala ba za ka samu lokacin lalube aljihu shida ba. Katunan memori da faifan ajiyar aiki kuwa aljihun rigarka ne wajensu.

Wa ya dace da wacce?

Mai kyamara ɗaya da gilashi biyu da zai je yawon buɗe ido ko ziyara, jakar rataya ta ishe shi, ko ƙunshin soso in yana son ya haɗa da kayan sawa a jaka ɗaya. Kada ya kashe dala 300 a kan abin da rabinsa zai tafi a wofi.

Mai ɗaukar biki ko ɗan jarida da yake yawo tsakanin Kano da Abuja da Legas da Maiduguri, inda bai san irin jirgin da zai tarar ba, jakar goyo matsakaiciya da ba ta wuce kilo 2 ba, wadda ya tabbatar tana shiga ƙarƙashin kujera. In kuɗi sun yi kaɗan, gara jakar gwanjo ta asali mai lafiyayyen zif da sabuwar jabu mai ɗauke da babban suna, domin ɗinkin igiyar kafaɗa ne yake fara tsinkewa a jabun, kuma da kaya a ciki yake tsinkewa. Garantin tsawon rai da Peak Design da Pelican suke bayarwa gaskiya ne, amma kuɗin aika jaka waje daga nan kan sa mutum ya haƙura ya nufi wajen baduku.

Mai ciwon baya, ko wanda aikinsa daga filin jirgi sai otal sai zauren taro, kuma manyan jirage yake hawa, ya ɗauki mai taya marar nauyi, ya ajiye 'yar jakar yadi a naɗe a aljihunta don kwashe kyamara da gilasai in an ce a sauke ta. A cikin kamfanonin da na lissafa, mai yawan bin British Airways zuwa Landan shi ne kaɗai zai cika babbar mai taya hankali kwance.

Tawagar fim ko ta talabijin kuwa jaka ɗaya ba za ta yi musu ba. Fitilu da ƙafafun kyamara da sukudireba da sauran ƙarafa su tafi ƙasa a akwatin roba mai kwaɗo, kyamarori da gilasai da batura a raba su a jakunkunan goyo na 'yan tawagar, kowa kilo 7 ɗinsa, kuma a auna kowace a gida da ɗan sikelin rataya kafin a kama hanyar filin jirgi.